Daga Kubwa zuwa Tumfure da mage a bayan mota

A ƙarshen watan Maris aka yi wa mijin ƙanwata canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Gombe. Shekara tara suka yi a Kubwa, a saman bene, ɗaki biyu da falo, su biyu da 'ya'yansu uku. Ta shidansu a gidan ita ce Alawa, mage fara mai ratsin ja a gadon baya, wadda babbar 'yarsu ta tsinto a bakin kwata idonta bai daɗe da buɗewa ba, ta raine ta da sirinji har ta fara lasar abinci da kanta. Lokacin tashin, magen ta kusa shekara uku, yarinyar kuma tana da 12.

Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a nan Gombe. Shanu da awaki da kaji su ne aikina na kullum, sai a yi wata guda ba a kawo mini mage ba. Amma da yake ni ne mai ɗan sani a dangi, a kaina shawarar ta faɗo, kuma ni na je Abuja na taya su tuƙi. Na rubuta yadda abin ya gudana tun daga farko, da inda muka dace da inda muka kauce, don ma'aikata da yawa ana yi musu canji haka, kuma yawanci magen gida ita ce ta ƙarshe da ake tunawa da ita, bayan an gama ɗaure katifa.

Shawara uku aka fara kawowa. Maigidan ya ce mini, “Hamma, mage ai ta gida ce, ba ta mutum ba. A bar wa maƙwabta.” Maganarsa da ƙanshin gaskiya. Mage tana riƙe wuri fiye da yadda kare ke riƙewa. Gogar kumatun nan da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa, wari take shafawa wanda ke fitowa daga fatar gefen fuskarta, kuma da wannan warin take gane cewa nan nata ne, babu abin tsoro. Sai dai Alawa ba ta taɓa kwana a waje ba, ba ta san bola ba, ba ta san gudun kare ba. Dada, mahaifiyarmu, ta bugo waya daga Kumo ta ce a sa ta a buhu a ɗaure baki kamar yadda aka saba. Buhu kuwa kowa ya san lokacin da ake ɗauko shi: idan mage ta addabi 'yan tsaki ana so a kai ta bayan gari, tafiyar minti goma. A yini guda cikin mota, buhun leda ba ya barin iska, dabbar za ta yi ta kokawa tana ƙara wa jikinta zafi har ta sandare. Direban babbar motar da za ta kwashe kaya shi ma ya ce a sa ta a kwali ya ɗora a baya, ƙarƙashin tamfol. Motarsa sai da ta kwana a hanya.

Ƙanwata ce ta kashe maganar. Ta tuna wa mijinta hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ta ce a bar dabbar da ba ta iya neman abinci ba a ƙofar gidan da aka kulle, shi ma tsarewa ne. Daga nan aka daina tambayar ko za a tafi da ita, aka koma kan yadda za a yi.

Mako uku muke da shi. Na ce su fara kai ta asibitin dabbobi, aka yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka duba ƙuma, aka tabbatar ba ta da ciki, aka rubuta komai a kati. Mutane na ɗauka ciwon hauka na karnuka ne kaɗai, alhali mage ma tana kamuwa, kuma tana sa wa mutum ta cizo. Allurar ba ta fara kare jiki ranar da aka yi ta, sai ta ɗauki makonni, shi ya sa ba a barin ta sai jajibirin tafiya.

Sai akwati. Suka sayi irin na roba mai ƙofar waya da ramukan iska a gefe, wanda za ta iya miƙewa tsaye ta juya a ciki. Kwandon wanki mai murfi ma zai yi idan an ɗaure murfin da waya sosai, kwali ne dai ba zai yi ba, don da zarar ta yi fitsari ya jiƙe, farcenta ya gama da shi. Abin da ya fi akwatin kansa muhimmanci shi ne yadda ta saba da shi. Na ce a cire ƙofar a ajiye shi a lungun da ta saba kwanciya, a shimfiɗa tsohon zanen da yarinyar ke lulluɓa da shi, ba a wanke ba, a riƙa sa mata abinci a bakin akwatin, kullum ana ɗan turawa ciki. Kwana huɗu tana zagaye shi tana shinshina. A na biyar aka same ta tana barci a ciki. A mako na ƙarshe aka zaga da ita a mota sau biyu cikin unguwa, minti goma-goma, aka dawo gida aka ba ta kifi.

Maigidan ya nemi in faɗa masa maganin barcin da zai saya a kemis. Na hana. Magungunan da ke sa dabba ta yi laushi suna saukar da hawan jini, suna kuma rage mata ikon daidaita zafin jikinta, ga mu za mu shiga Gombe a watan Afrilu. Dabbar da aka bugar tana iya yin amai ta shaƙe ba wanda ya sani, don shirunta zai yi kama da barci. Akwai maganin rage firgici da likitocin dabbobi ke ba mage kafin tafiya, gabapentin, amma likita ne ke auna shi da nauyinta, kuma a kan gwada shi tun a gida. Ganin yadda ta yi a zagayen gwaji, ba mu nema ba.

Ranar lodi na sa aka kulle ta a banɗaki da akwatinta da ruwa da robar yashin da take bayan gida a ciki, aka manna takarda a ƙofa kada 'yan dako su buɗe. Mage da yawa a wannan ranar suke ɓata, tun ba a kama hanya ba: ƙofofi a buɗe, baƙin maza na shiga da fita, kujerun da ta shafa wa warinta ana ficewa da su ɗaya bayan ɗaya. Na kuma ce a ɗebi rabin yashin da ta riga ta yi amfani da shi a ƙulle a leda. Ƙanwata ta yamutsa fuska ta ce, “Hamma, har da ƙazanta za mu yi ƙaura?” Na ce har da ita. Abincin ƙarshe da daddare aka ba ta, da safe ruwa kawai, don cikin da ya cika shi ke kawo amai a mota.

Bayan sallar Asuba muka tashi. Hanyar ta haura kilomita 500: Nyanya, Keffi, Akwanga, a hau Hawan Kibo a shiga Jos, a gangara ta Tilden Fulani da Nabordo zuwa Bauchi, sannan Dindima, Alkaleri, Gombe. Akwatin na sa shi a kujerar baya na zagaye shi da bel, na rufe samansa da gefe biyu da ɗankwali mara kauri, na bar gaba a buɗe wajen yarinyar. Tun daga Nyanya Alawa ta fara kuka, wani kuka mai kauri da ba su taɓa ji daga bakinta ba, yawu na dalala, har muka wuce Keffi. Ƙananan yaran suka ce a fito da ita su rungume ta. Doka ɗaya na kafa tun a gida, na kuma maimaita ta: ba a buɗe akwati sai ƙofofi da gilasan mota duk suna rufe, motar kuma a tsaye. Magen da ta firgita ba ta san mai ita ba. Ƙarƙashin birki za ta shige, ko ta bi ta taga. Kusa da Akwanga ta yi fitsari, muka tsaya muka rufe ko'ina, na zare tsumman da ke ƙasa na sa wani, na mayar da zanen. A wani shinge jami'in tsaro ya leƙo ya tambayi abin da ke ciki, na ɗaga ɗankwalin ya gani ta waya, na miƙa masa katin allura, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Da muka hau tudun Jos iska ta yi sanyi, magen ta yi shiru ta dunƙule. A nan muka yi kuskuren farko, kuma da yardata aka yi. Akwai 'yan uwan maigidan a cikin gari, aka ce ba za a wuce ba a gaisa ba. Gaisuwa ta zama cin abinci, cin abinci ya zama jiran Azahar. Sa'a biyu da rabi muka yi. Na shigar da akwatin ɗaki mai sanyi, na ba ta ruwa ta ƙi sha, na ga dai lafiyarta ƙalau, hankalina ya kwanta. Abin da ban lissafa ba shi ne Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk abin da ya rage na tafiyar gangara ce zuwa cikin zafi. Da mun wuce kai tsaye, da mun ratsa tsakanin Bauchi da Gombe rana ba ta gama gasa kwalta ba. Jinkirin ya jefa mu cikinta da ƙarfe uku zuwa biyar, a watan da zafin yankin ke kai digiri 40.

Bayan mun fita Bauchi esin motar ya fara hura iska mai ɗumi. Muka sauke gilasai, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Mun wuce gadar Dindima kaɗan yarinyar ta ce, “Kawu, Alawa tana haki kamar kare.” Na waiwaya na ga bakinta a buɗe, harshe a waje ya yi ja, haƙarƙari na sama da ƙasa da sauri.

Kare yana haki don ya sha iska, al'adarsa ce. Mage ba haka take ba. Zufa kaɗan take yi ta tafin ƙafa, sauran sanyin kuma daga lasar jikinta take samu, kuma a cikin akwati, a firgice, ba ta lasar. Zafin jikinta na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39 da 'yan ɗigo, numfashinta idan tana hutawa bai fi 30 a minti ba. Idan ta buɗe baki tana numfashi, ta kai maƙura. Muka sauka daga titi muka shiga inuwar wata bishiya kafin Alkaleri. Na sa aka ɗaga gilasai aka bar tazarar yatsa biyu, kowa ya fita sai ni da yarinyar. Na buɗe akwatin na bar ta a ciki, na jiƙa hannu da ruwan leda ina shafa mata a kunnuwa da tafin ƙafa da hammata da ciki, yarinyar na yi mata fifita da kwali. Ƙanwata ta miƙo ƙanƙara daga kula, na ce a'a, ruwa mai ɗan sanyi da iska sun isa, ƙanƙara a fata tana tsuke jijiyoyin jini. Maigidan ya ce a ɗura mata ruwa a baki, wannan ma na hana, don dabbar da ke haki idan aka ɗura mata, huhu ruwan ke tafiya. Ban kuma lulluɓe ta da jiƙaƙƙen tsumma ba, shi ma riƙe zafi yake yi. Ina shafawa ina ƙirga numfashi da agogon waya. Bayan kamar minti 20 ta rufe baki. Bayan 40 ta fara lasar ƙafarta ta gaba, ta kuma lashi ruwa kaɗan daga murfin kwano. Muka yi La'asar a wurin, muka jira rana ta yi sanyi, muka shiga Gombe bayan Magariba.

Gidan da suka kama a Tumfure yake, mai tsakar gida da katanga, gefensa kango. Tun kafin su zo na tambayi mai kula da gidan abin da aka yi na share fage, ya ce an fesa otapiyapiya an kuma zuba maganin ɓera a lunguna. Duka biyun suna kashe mage: na feshin ta taka ta lashe a ƙafa, na ɓeran ta ci shi ko ta ci ɓeran da ya ci. Na sa aka share maganin tas, aka wanke ɗaki ɗaya da omo aka bar tagoginsa a buɗe kwana biyu. A wannan ɗakin muka sauke ta. Akwati a lungu ƙofarsa a buɗe, zane a ciki, tsohon yashin nan a robarsa an ƙara sabo, ruwa da abinci a ɗaya gefen nesa da yashin. Na ce kada a jawo ta, kada a ɗauke ta a zaga da ita gida, yarinyar kaɗai ta riƙa shiga ta zauna a ƙasa ta yi karatunta.

Daren farko ta yi amfani da yashin, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Abinci kuwa ta ƙi. Kwana ɗaya ba komai ba ne, amma mage ba ta jure yunwa kamar kare. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, kitse na taruwa a hantarta, ciwon da ke kisa. Washegari surukar ƙanwata ta zo, ta taɓa kunnen magen ta ce zazzaɓin hanya ne, a ɓalla mata rabin Panadol a madara. Allah ya sa yarinyar ta bugo mini kafin a ba ta. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana lalata jininta, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, ta mutu. Madarar ma gudawa take sa yawancin manyan maguna. Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri, wannan maganin namu guba ne a wurinta.” Ta karɓa da kyakkyawar zuciya, ita ce ma ta dafa kifin da aka ba ta, ba albasa ba tafarnuwa, don su ma suna ɓata jinin mage. Aka kai mata da ɗan ɗuminsa yadda ƙanshi zai tashi. Daren na biyu ta ci.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. A kwana na huɗu ƙanwata ta ce mini a waya magen na ta kuka da daddare, tana birgima, tana goga jiki a ƙofa. Na ce kewar tsohon gida ce, a ƙara haƙuri. Ban je na gani ba. Da na je, da na ga yadda take ƙasa da ƙirji tana ɗaga ƙugu tana kawar da wutsiya gefe, da na gane lokacin neman muzurunta ne ya zo. A saman bene a Kubwa tana yin haka ya wuce, babu mai jin ta. A Tumfure muzurai na kan katanga. Duk lissafina na mako uku, ban taɓa kawo maganar tiyatar hana haihuwa ba.

A kwana na shida 'yan uwa suka zo ganin gida. Mata da yara cike da tsakar gida, wani yaro ya buɗe ɗakin yana neman wurin wasa. Sai bayan Isha aka lura ba ta nan.

Kowa ya ce ta kama hanyar Abuja. Ana ba da labarin magunan da suka koma tsohon gida, kuma yana faruwa idan tazarar unguwa da unguwa ce. Amma magen ɗaka da ta fita a firgice a wurin da ba ta sani ba, yawanci ba ta nisa. Rami mafi kusa take nema ta lafe, ta yi shiru ko da tana jin ana kiran sunanta. Na hana yaran unguwa bin ta da ihu da tocila. Muka ajiye robar yashin da zanen a bakin ƙofar gida, muka gaya wa maƙwabta huɗu na kusa su duba ɗakin ajiya da ƙarƙashin mota da bayan tankin ruwa. Nema kuma sai dare ya raba, ko gab da Asuba, lokacin da babura suka daina wucewa. Dare biyu ba labari. Yarinyar ta daina cin abinci, ta ce da an bar ta a Kubwa da tana raye. Uban da ya fara cewa a bar wa maƙwabta, shi ne ya riƙa tashi ƙarfe biyu yana raka ta.

A dare na uku suka shiga kangon da ke jikin katangarsu, suka zauna a kan bulo, yarinyar na kaɗa cokali a kwanon abincin a hankali tana kiranta ƙasa-ƙasa. Sun fi rabin sa'a kafin a amsa daga cikin tarin bulo da aka jingina wa tsohon kwano. Tsakanin wurin da ɗakin da ta fita bai kai taku 30 ba. Ba su kai hannu ba, suka ajiye akwatin da kifi a ciki suka ja baya, ta fito da kanta ta shiga.

Da safe na duba ta. Ta rame, akwai ƙuma, akwai huda biyu na haƙori a bayan wuya da yakushi a cinya. Na wanke, na kai ta wurin likitanmu ya ba da maganin da ya dace da mage, ya duba katinta ya ƙara mata allurar haukan kare. Ya kuma ja mana kunne kada a sa mata maganin ƙumar karnuka, don da yawansu na ɗauke da fametirin, wanda ke sa mage farfaɗiya. Cizon bayan wuyan kuwa mu biyu mun san ma'anarsa, haka muzuru ke riƙe mace.

Aka sake kulle ta, wannan karon da sakata a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Mako guda a ɗaki, sannan aka buɗe mata falo, sannan sauran ɗakuna. Sai da ta cika mako uku aka fito da ita tsakar gida, da safe kafin ta ci abinci, don yunwa ta dawo da ita ciki. Ranar da ƙanwata ta ce ta gan ta tana goga kumatu a ƙafar sabon teburin kicin, na ce a daina sa sakatar.

Cikin mage kwana 63 ne zuwa 65. Wajen ƙarshen watan Yuni, da damina ta sauka, ta haifi huɗu a cikin akwatin robar, a kan zanen. An yi mata tiyatar bayan ta yaye su. Biyu maƙwabta suka karɓa, ɗaya ya zauna a gidan. Na huɗun Dada ce ta aiko a kai mata Kumo saboda ɓerayen da suka dame ta a ɗakin hatsi. Ni na kai shi, da sassafe, a cikin akwatin uwarsa, da guntun zanen da yarinyar ta yaga masa da yashi a leda.